Waiwaye: Ɗan takarar ciyaman da firamaren garinsu

Idan zaɓen ƙananan hukumomi ya ƙarato, filin firamare ne dandali. Nan ake kafa rumfa, a jera kujerun roba, in ba su isa ba a kwaso bencin 'yan aji shida. Ɗan takarar ciyaman ya miƙe, bayansa ga ajin da iska ta yaye wa kwano tun daminar bara, ya ce in Allah ya ba shi nasara zai gyara azuzuwa, ya biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawar NECO da JAMB, ya raba wa matasa jari. A tafa, maroƙi ya ɗauka. Da wuya ka ji ya ambaci malamin da zai shiga ajin, kuma ba mantuwa ya yi ba.

Zamanin En'e elementare tana hannun hukumar gargajiya. Haraji da jangalin da suka shiga baitulmali, da su ake gina aji a biya malami, hakimi da dagaci kuma su ke kamo yara a sa su boko. Tsarin yana da nasa zaluncin, amma an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan malami bai zo ba.

A 1976 abu biyu suka zo tare. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka samu guda 301, sannan a watan Satumba ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE. Yara suka kwararo, malamai suka yi kaɗan, aka shiga horar da wasu cikin gaggawa. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Talaka ya yi murna, da gaskiyarsa. Sai dai daga nan ƙaramar hukuma ta ƙara dogara da kason wata-wata daga tarayya, da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 kuwa, malaman firamare ne suka fara ji a jika.

Babangida ya kafa hukumar firamare ta ƙasa, NPEC, a 1988, albashi ya ɗan daidaita. A 1991 ya rushe ta ya danƙa wa ƙananan hukumomi komai. Tambayi duk tsohon malamin da ya ga wannan zamani: watanni ba albashi, bashin mai kanti ya yi katutu, yajin aiki ya ƙi ƙarewa. Dole aka dawo da hukumar a 1993, aka riƙa cire kuɗin malamai tun daga tushe. Wani watan, bayan an cire, ciyaman ya tashi ba ko sisi a asusu. Tun daga nan malamai suka daina yarda da ciyamomi, su kuma ciyamomi suka ɗauki albashin malamai a matsayin ramin da ke haɗiye musu kaso.

Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, ya kafa tsarin da muke ciki: hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa UBEC a Abuja, takwararta SUBEB a jiha, sakataren ilimi a ƙaramar hukuma. Kundin tsarin mulkin 1999 bai ce firamare ta ƙaramar hukuma ce ba, cewa ya yi ta sa hannu a harkar firamare da ilimin manya da koyon sana'a. Kasonta kuma sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ke nan a yawancin jihohi da kuɗin ƙaramar hukuma ake biyan malami, amma ɗaukarsa da ƙarin girmansa da manyan kwangilolin gini suna can babban birni. Da aka sallami malamai sama da 21,000 a Kaduna a 2017 bayan jarrabawar gwaji, daga gwamnatin El-Rufa'i umarnin ya fito, ba daga sakatariyar wata ƙaramar hukuma ba.

To me ya rage wa ɗan takara? Abin da ido zai gani. Fenti a bango da sunansa ɓaro-ɓaro, katanga, littattafan rubutu masu hotonsa. Akwai 'yan ƙalilan da ke ɗaukar masu takardar shaidar malanta ta NCE da ke zaman kashe wando su ba su alawus su cike giɓi, kuma a ganina su ne suka fahimci inda ciwon yake.

Ɓangaren matasa ma haka. Keken ɗinki, injin markaɗe, babur, gasar kofin ciyaman. Na taɓa tsayawa a bakin wata sakatariya ranar rabon tallafi, dillalai na jira a ƙofa, yaro ya fito da injin a kai, kafin ya kai titi an yi ciniki. Cibiyar koyon sana'ar da ke bayan ginin kuwa kwaɗo ne a ƙofarta, har ya yi tsatsa. Ba abin mamaki ba ne in aka dubi wanda ke ba da kujerar. A zaɓen Oktoban 2024 NNPP ta lashe duka 44 na Kano, APC ta lashe duka 23 na Kaduna. Wanda tikitinsa ya fito daga gidan gwamnati, matasan da za su cika masa fili yake buƙata, ba iyayen 'yan aji uku ba.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatarwa ta yi ta tafiyar hawainiya, amma ƙungiyar malamai ta NUT ba ta jira ba, ta ce kada a mayar da albashinsu hannun ciyamomi, don ba su manta da 1991 ba. Shekara ba ta zagayo ba suka samu abin nunawa a Abuja, inda INEC ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi shida, ba hukumar jiha ba. Daga Maris zuwa Yulin 2025 malaman firamare suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, yara na gida sama da wata uku, sai da ministan Abuja ya shiga tsakani aka buɗe azuzuwa.