Dorina, raƙumin dawa da tsuntsun da kuka tsinto: ga amsa a rubuce

Tun da mutanen unguwa suka san na yi shekaru ina aikin gandun daji, ban huta ba. A fada, a wurin suna, har a ƙofar masallaci, tambayoyin guda ne. To ga su. Wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Da gaske dorina na kisa? Ai ciyawa take ci.

Bijimi ma ciyawa yake ci, je ka ja masa wutsiya. A Nuwamban 2014 dorina ta kifar da jirgi a wajen Libore, nan kusa da Yamai, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara ne.

Na ga ta wage baki, hamma take yi?

Kashedi take maka. Ajiye salular nan ka matsa. A tudu tana kai kilomita 30 a awa, ba ka tsere mata. Kada ka shiga tsakaninta da ruwa, ko tsakaninta da ɗanta.

Sun yi yawa, don me ba a rage su?

Dokar Nijar mai lamba 98-07 ta 1998 ta hana kashe ta. A 2017 mutanen Ayoru sun karkashe da dama saboda ɓarna, a shekarar kuma gwamnati ta keɓe mata wuri a kogi. Ban raina kukan mai shinkafa ba. Dabbar da ke cin kusan kilo 40 a dare guda, in ta faɗa gonarka sai haƙuri. Amma mu ma mun nome gaɓar kogi har bakin ruwa, mun yanke ciyawar burgu mun kai wa tumaki. Ina za ta yi kiwo? Kai ƙara wurin mai gari da ma'aikatan gandun daji, su zo su ga ɓarnar da idonsu.

Na tsinci dabba da rauni, yaya zan yi?

Nan ne ba ni da amsa guda, don ya danganta da abin da ka tsinta.

Fara da tabbatarwa raunin ne. Ɗan tsuntsun da ya yi gashi yana tsalle a gindin bedi, galibi koyon tashi yake, uwar tana sama tana kallonka. Kore mage, ka bar shi. Haka ɗan barewa da ka iske kwance shi kaɗai: uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo. Ka ɗauko shi, kai ka mai da shi maraya.

In kuwa ga jini, ko fiffike na ja a ƙasa, kuma ƙaramin tsuntsu ne ko bushiya ko kunkuru, lulluɓe shi da tsumma, sa shi a kwali mai huji, ajiye a inuwa inda yara ba sa leƙe. Kada ka ɗura masa ruwa a baki. Wata Hajiya maƙwabciyata ta kawo mini kurciya da safe, ta ce, "Malam, tun jiya nake ba ta madara da cokali, ta ƙi tashi." Na buɗe zanen, madara na fitowa ta hanci. Ƙofar numfashin tsuntsu tana nan a gindin harshe, abin da ka ɗura huhu yake tafiya. Ban gaya mata duka ba, don da zuciya ɗaya ta yi. Ruwa kaɗan a murfin kwalba ya isa, in ya so ya sha.

Shaho da mujiya, farcen ne abin tsoro, sai da bargo mai kauri. Mujiya kuma ɓera take ci, ba kurwar kowa ba, ku hana yara jifan ta. Biri, jemage, dila, ko duk mai haƙori: kada ka taɓa, komai tausayinka. Kira ma'aikatan gandun daji ko likitan dabbobi. Wataƙila su zo yau, wataƙila mota ba mai. Akwai gidan dabbobi a gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, amma kada ka ɗauki kwali ka nufi can ba ka tambaya ba. Kuma ka shirya ranka: da yawa ba sa tashi ko da an yi komai daidai. Ba laifinka ba ne.

In dabbar ta cije ka ko ta yakushe ka, wanke da ruwa da sabulu minti 15, ka tafi asibiti ranar, saboda ciwon haukan kare. Da zarar alamunsa sun fito, ba magani.

Yaro na sayar da ɗan biri, in saya in cece shi?

Ka saya yau, gobe ya kawo biyu. Galibi sai an kashe uwar ake samun ɗan.

Raƙuman dawan Kure na cin waken mutane, ba su yi yawa ba?

A 1996 guda 49 suka rage, kuma irinsu babu a ko'ina sai nan. Zuwa 2018 sun haura 600, har aka kwashi 8 aka kai gandun dajin Gadabeji. Wake kam suna ci, har mangwaro. Amma wa ya sare dajin da suke kiwo ya kawo itacen Yamai?

Ciyawar nan mai furen shuɗi da ke rufe kogi, tamu ce?

Baƙuwa ce, daga Kudancin Amurka. Tana shaƙe kifi, ta tare jirgi, ta toshe bututun ban ruwa. Kada ka kai ta tafkin garinku don kyan fure.

Zan iya kiwon ɗan kada a gida?

A'a. In ka ƙi ji, ranar da ya cika bahon kada ka kira ni.