Katunan 'yan besbol na bayan kwali: tambayoyi da amsoshi kan kayan da almakashin yara ya yi wa farashi

A Amurka akwai dattawa, furfura ta gama kai, da ke kashe kuɗinsu wajen neman guntayen kwalin da iyayensu mata suka zuba a shara shekara sittin da suka wuce. Kwalin konfileks ne da danginsa, irin abincin safen nan da ake zuba wa madara. Ba abincin suke nema ba. Hotunan 'yan wasan besbol da aka buga a bayan kwalin, ko aka jefa a cikinsa, su ne abin farautar. Ga tambayoyin da mutum kan yi idan ya fara jin labarin.

Wane irin kati ne wannan, kuma me ya haɗa shi da karin kumallo?

Besbol shi ne wasan da ake jefa wa mutum ƙaramar ƙwallo, ya maka mata sanda ya ruga. Tun ƙarshen ƙarni na 19 'yan kasuwar Amurka suka gane cewa hoton ɗan wasa yana sayar da kaya. Masu taba suka fara, suna saka ɗan kati a kwalin sigari. Masu alawa da cingam suka karɓa. Daga baya masu abincin safe suka shigo, kuma tasu dabarar ta fi ta kowa wayo, domin yaro ba ya sayen konfileks da kuɗinsa, amma shi ke jan zanin uwarsa a kanti yana nuna kwalin da yake so.

Katin kansa ba wani abin azo-a-gani ba ne. Faɗinsa inci biyu da rabi, tsawonsa inci uku da rabi, da hoton ɗan wasa, sunan ƙungiyarsa, ɗan taƙaitaccen tarihinsa da alƙaluman abin da ya yi a kakar da ta gabata.

Su wa suka fara?

Wheaties, na kamfanin General Mills, shi ake fara ambata. A 1934 ya sa hoton Lou Gehrig na ƙungiyar New York Yankees a bayan kwalinsa, kuma daga 1935 har zuwa farkon shekarun 1940 ya riƙa buga manyan hotunan 'yan wasa da ake yankewa a ajiye. A 1952 ya fitar da kati 60 na 'yan wasanni 30, kowa da hoton fuska ɗaya da na cikin wasa ɗaya, ciki har da Ted Williams, Stan Musial da Yogi Berra.

Amma idan masu tara kati suka zauna hira, sunaye biyu ne ke cinye zancen: Post da Kellogg's. Abin dariya, duka biyun 'yan gari ɗaya ne, Battle Creek a jihar Michigan. C. W. Post ma ya taɓa jinya a gidan kula da lafiya da Dakta John Harvey Kellogg ke shugabanta a garin, ya ci irin abincin da ake ba majinyata, ya fito ya kafa nasa kamfanin a 1895. Ƙanin likitan, W. K. Kellogg, ya kafa nasa a 1906. Kishiyoyi ne tun asali.

Ina kamfanin Topps da ake cewa shi ne sarkin katin besbol? Ya zuba ido ne?

Bai zuba ido don yana so ba. Topps ya saye babban abokin hamayyarsa, Bowman, a 1956, ya kuma ɗaure kusan duk 'yan wasan da yarjejeniya: ba wanda zai sayar da hotonsu a kati shi kaɗai, ko haɗe da cingam ko alawa. Konfileks kuwa ba cingam ba ne, ba alawa ba ne. Ta wannan kafar Post ya shige. Kamfanin Fleer ma ya gwada irin wannan zillewar a 1963, ya saka biskit maimakon cingam a cikin fakitinsa, sai dai bai kai labari ba. Sai a 1981, bayan shari'a, Fleer da Donruss suka samu shiga kasuwar sosai.

Me ya sa katunan Post na 1961 zuwa 1963 suka fi jan hankali?

Domin ba a cikin kwali suke ba, su ne kwalin. A 1960 Post ya ɗan taɓa ruwa da manyan hotuna tara a bayan kwalin Grape-Nuts, biyar na 'yan besbol, sauran na ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka. Daga 1961 sai ya shigo da ƙarfi: kati 200 a shekara, shekara uku a jere. An buga su ne kai tsaye a bayan kwalayen Post Toasties, Alpha-Bits, Sugar Crisp, Raisin Bran, Grape-Nuts da sauransu. Babban kwali kan ɗauki shida ko bakwai, ƙananan kuma ƙasa da haka. Idan ka juya katin ba ka ganin komai sai launin tokar cikin kwali, shi ya sa aka cusa hoto da rubutu da alƙaluma duk a fuska ɗaya.

To ka kwatanta yadda abin ke kasancewa. Yaro ɗan shekara takwas, an ce masa kada ya taɓa kwalin sai abincin ya ƙare. Ya yi kwana huɗu yana ɗura wa cikinsa abin da ya fi ƙarfinsa don kwalin ya yi saurin zama fanko. Ranar da ya ƙare, ya ɗauko almakashin ɗinkin uwarsa, ko nasa na makaranta mai dakusasshen baki, ya fito da harshe gefe, ya kama yanka. Kwali yana da kauri, hannu ƙarami ne, kuma katunan manne suke da juna, baƙin layi siriri ne kawai tsakaninsu. Idan ya bar wa katin gwanin ɗan wasa Mickey Mantle layinsa, ya ci na maƙwabcinsa. Yawancin yara kuwa ba su bar wa kowa ba. Wannan yankan na minti biyar shi ne yau ke raba katin da ake sayarwa da kuɗin shayi da wanda ake kaiwa gwanjo.

Lokacin ma ya taimaka. A 1961 ne Mantle da Roger Maris, duka 'yan Yankees, suka yi tseren karya tarihin Babe Ruth na bugun da ke fitar da ƙwallo bayan katanga sau 60 a kaka ɗaya. Maris ya yi 61. Post ya ci moriyar wannan zazzaɓin: a watan Afrilun 1962 ya saka katin Mantle da na Maris a cikin mujallar Life a matsayin talla. Waɗannan biyun suna da rubutu a bayansu, da haka ake gane su.

An ce kati ɗaya kan fito iri-iri. Yaya abin yake?

Nan ne harkar ke rikitar da sabon shiga, nan ne kuma tsofaffin hannu ke jin daɗinta. A 1961, ban da na kwali, mutum na iya aika wa kamfani kuɗi ta gidan waya a turo masa shafi mai kati goma na ƙungiya ɗaya. Waɗannan takardarsu ta fi siriri, kuma gefensu na da 'yan huje-hujen yagewa, ba yankan almakashi ba ne. A shekarar ce kuma ƙungiyar Washington Senators ta koma jihar Minnesota ta zama Twins, sai aka samu katunan 'yan wasanta wasu an rubuta Minneapolis, wasu Minnesota.

A 1962 an buga na Kanada daban, da Turanci da Faransanci. Sannan ga Jell-O, wani garin kayan zaƙi mai daskarewa, wanda shi ma mallakar General Foods ne, uwar kamfanin Post. A 1962 da 1963 an buga kusan katunan nan a bayan ƙananan kwalayensa, ɗaya a kowane kwali. Kallo ɗaya za ka ce na Post ne, sai ka auna ka ga na Jell-O na 1963 ya ɗan fi tsukewa.

Da gaske ne katin ɗan wasan da ba a san shi ba kan fi na gwani tsada?

Da gaske ne, kuma a ganina wannan ne ya fi komai daɗi a labarin. Kamfani ya raba 'yan wasa 200 a kan kwalaye daban-daban. Wani ɗan wasan ya fito a kwali biyu ko uku, ciki har da mai sukari da yara ke rububi. Wani kuwa tsautsayi ya ajiye shi a kwali ɗaya tal, na abincin da tsofaffi ke ci don gyaran ciki, ko a girman kwalin da ba a cika saye ba. Tsoho ya cinye abincinsa, ya jefar da kwalin, ba yaro a gidan balle almakashi. Shekaru suka wuce, sai ga katin ya yi ƙaranci.

Misalin da ake yawan kawowa shi ne Bob Aspromonte, ɗan wasan ƙungiyar Houston, a katunan Post na 1963. Ɗan wasa ne na kirki, amma ba wanda zai jera shi da Willie Mays ko Hank Aaron. Duk da haka mai son cika 200 ɗinsa yakan samu Mays tun da wuri, ya yi ta jiran Aspromonte. Ba wani ne ya zauna ya tsara wannan ƙarancin ba. Abin da cikin mutane ke so ne ya tsara shi. Katunan zamani da ake buga wa lamba da gangan, a ce guda 50 kacal aka yi don a ja farashi, ba sa burge ni ko kusa da wannan.

Na Kellogg's fa?

Su wata duniya ce daban. Daga 1970 zuwa 1983 Kellogg's ya yi nasa katunan, a mafi yawan shekarun yana saka kati ɗaya a cikin kwali, a 'yar takarda, ba yanka ba wahala. An lulluɓe fuskar katin da roba mai siraran layuka, ta yadda ɗan wasan kan yi kamar ya taso daga takarda, filin da ke bayansa ya yi dishi-dishi can nesa. Idan ka goga farce a kai za ka ji yana ƙara kamar zif. Na 1970 guda 75 ne, da su Mays, Roberto Clemente, Pete Rose, Johnny Bench da Reggie Jackson. Mantle ba ya ciki, ya riga ya ajiye wasa kafin kakar 1969.

A yawancin shekarun ana iya aika murfin kwali da 'yan kuɗi a turo wa mutum cikakken jeri. A 1971 ba a ba da wannan damar ba, sai dai kwali-kwali, don haka na shekarar suka fi wuyar haɗawa. Na 1973 kuwa su kaɗai ne aka yi ba robar, kati ne lafiyayye guda 54.

Ciwon waɗannan katunan a jikinsu yake. Roba da takarda ba sa jan jiki tare idan yanayi ya sauya, sai katin ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Wanda ya ce zai miƙar da shi da yatsa, sai ya ji ƙas, fuskar ta tsage. Wani ma yana ajiye a akwati, ba wanda ya taɓa shi, zai tsage don kansa. Mai irinsu a ƙasa mai zafi da bushewar hunturu irin tamu sai ya yi da gaske.

Wa ke cewa wannan katin ya fi wancan?

Akwai kamfanonin tantancewa, manyansu PSA, SGC da Beckett. Ana aika musu kati, su duba kusurwoyi, gefe, tsabtar fuska da daidaiton hoto, su ba da maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a cikin roba mai tauri da tambari. Ga na Post, tambarin kan nuna cewa yankan hannu ne. Idan almakashi ya shiga cikin layin har katin ya gaza girmansa, sai a ce na gaske ne kawai, ba maki.

Wannan ya haifar da wata 'yar rigima. Mutum na iya samun kwalin da ba a taɓa yankewa ba, ya sa reza da ma'auni ya fitar da katin tsaf, ya samu maki mai yawa. Ba haramun ba ne. Amma wasu masu tarawa na ganin katin da babba ya yanka jiya da niyyar kasuwa bai kai wanda yaro ya karkace a 1962 daraja ba, ko da ya fi shi kuɗi. Ni ma can na fi karkata.

To akwai kuɗi a harkar?

Akwai, amma kada a ruɗe. Labarin da ke yawo na miliyoyi ba na kwalin konfileks ba ne. Katin Mantle da aka sayar dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022 na Topps ne, na 1952. Na Post da Kellogg's ba su kusa da nan. Ɗan wasa gama-gari mai karkataccen yanka kuɗinsa kaɗan ne, kuma wannan ne ma ya sa mutane da yawa ke fara tarin tsofaffin katuna da su: mutum na iya mallakar Clemente ko Sandy Koufax na zamaninsu ba tare da ya sayar da gona ba. Kuɗin na tashi ne a wuri uku: babban suna mai tsaftataccen yanka, katunan nan masu ƙaranci, da kwalin da bai ga almakashi ba.

Akwai jabu?

Duk inda kuɗi ya shiga, akwai. Na Post sun fi sauƙin kwaikwaya tunda bayansu fanko ne. Masu saye kan sa madubin ƙara girma su duba ɗigon tawada, su taɓa kaurin takardar, su dubi launin bayan, domin kwali mai shekara sittin ba ya yin fari fat. Wata yaudarar kuma ita ce a ƙara aske gefen tsohon kati don ya miƙe, shi ya sa ake auna shi kafin a biya.

Idan na ci karo da kwali cikakke, in yanke katunan?

A'a, ajiye almakashin. Katin da aka yanka yana da yawa a kasuwa, kwalin da ya tsira ɗungurungum shi ne ba a cika gani ba, tunda an yi shi ne don a jefar. Ko bayan kwalin kaɗai, da katunansa shida ko bakwai a manne, yakan fi jimillar kuɗinsu idan an rarraba. Shi ne kuma shaidar da masu bincike ke bi su gane wane ɗan wasa ya fito a kan wane abinci. A zare duk wani sauran abinci da ke ciki saboda ƙwari, a sa kwalin a leda marar sinadarin da ke cin takarda, a kwantar da shi inda rana da laima ba sa kaiwa, kuma kada a kusanto shi da salatif.