Waiwaye: Dirhamin Kuɗi da Dirhamin Mai Magani

Duk lokacin da aka fitar da nisabin zakka da mafi ƙarancin sadaki, sai gardama ta tashi. Wannan ya ce zinariya giram 85 ce, wancan ya kawo lissafin Indiya da Pakistan na giram 87.48, a azurfa kuma ko 595 ko 612. Har ana zargin malamai da son rai, alhali saɓanin ya girme mu duka.

Larabawa sun tashi sun tarar da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa a kasuwanninsu. A shekara ta 77 bayan Hijira halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga nasa dinarin, mai nauyin kusan giram 4.25, dirhami 10 kuma ya yi daidai da miskali 7 (miskali shi ne nauyin dinari ɗaya). Daga nan 85 (nauyin dinari 20) da 595 (nauyin dirhami 200) suka samo asali.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, dirhami ya rabu gida biyu: akwai na kuɗi, akwai na awo. Sulallan farko sun ɓace daga hannun jama'a, amma sikeli bai bar shagon mai haɗa magani da mai turare da maƙerin zinariya ba, kuma kowace ƙasa da nata awon. Dirhamin awo a Masar ya kai kusan giram 3.12, a daular Usmaniyya ta Turkiyya 3.2, alhali na kuɗi bai cika giram 3 ba. Takwaransa na masu magani a Ingila a da ƙwaya 60 ne ta awon Turawa, wato giram 3.89. A 1833 aka tsayar da tola, wani ma'aunin nauyi, a Indiya kan irin wannan ƙwayar guda 180, malaman can suka ƙaddara nisabin zinariya da tola bakwai da rabi, ga 87.48 ɗin nan. A ganina nan gizo ke saƙar: mutum ya tambayi nauyin kuɗi, a ba shi amsa da ma'aunin shago.

Ƙwayar sha'ir da malaman fiƙihu suka kafa hujja da ita ma ba ta raba gardamar ba. Malikawa sun ce miskali ƙwaya 72 ne, Hanafawa suka ce 100, ga shi nauyin ƙwaya na sauyawa daga gona zuwa gona.

Abin ya fi tayar min da hankali wajen masu maganin gargajiya da ke ɗebo haɗi daga tsofaffin littattafan ɗibbu. In littafi ya ce dirhami uku, tsakanin awon kuɗi da na Ingila akwai tazarar kusan giram uku, kuma cikin mara lafiya za a zuba shi.