Ware Shara a Gida: Me Ke Komawa Masana'anta, Me Ke Ƙarewa a Juji?

A rahoton da ya fitar a 2018, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa garuruwan duniya na fitar da shara sama da tan biliyan 2 a kowace shekara. Kaso mai yawa daga cikinta daga gidaje take fitowa. Ko abu zai koma masana'anta a sake sarrafa shi, ko a juji zai ƙare, galibi a cikin gida ake yanke wannan hukunci, lokacin da ake jefa shi cikin kwando.

Duk robar da ke da alamar kibiyoyi uku ana sake sarrafa ta?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Alamar kibiyoyi uku masu bin juna wani ɗalibi ne a Amurka, Gary Anderson, ya zana ta a 1970, a gasar da wani kamfanin kwali ya shirya. Wadda ke gindin gorar roba da lamba a tsakiya daga baya ta zo, a 1988, daga ƙungiyar masana'antun roba ta Amurka. Lambar, daga 1 zuwa 7, nau'in robar kawai take faɗa. Ba ta yi alkawarin akwai mai karɓarta ba.

Lamba 1 ita ce ta gorunan ruwa da lemo. Lamba 2 ita ce mai ɗan kauri, irin ta jarka da robar sabulun ruwa. Waɗannan biyu suna da kasuwa kusan duk inda ake wannan sana'a. Lamba 5 wasu wurare na karɓa, wasu ba sa karɓa. Lamba 3, 6 da 7 kuwa da wuya su samu mai so. Baƙar roba ma tana da tata matsalar: na'urorin da ke tantance roba da haske ba sa iya gane ta, sai ta wuce cikin tarkace.

Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya gano cewa cikin duk robar da ta zama shara a duniya zuwa 2015, kusan kashi 9 cikin ɗari kaɗai aka sake sarrafawa. Dalilan a fili suke. Nau'o'in roba ba sa haɗuwa idan an narka su tare, ingancinta na raguwa duk narkarwa, sabuwar kuma tana da arha. Shi ya sa a ganina, a kan roba, rage saye ya fi warewa tasiri nesa ba kusa ba.

To wane kaya ne ya fi cancantar a wahala a kansa?

Ƙarfe, musamman alminiyam. Narkar da tsohon gwangwanin lemo a yi sabo na cin kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na makamashin da ake buƙata idan daga ma'adini za a fara, kuma ƙarfen ba ya lalacewa komai yawan narkarwa. Wanda yake son bambance gwangwani ya kusanto da maganaɗisu: idan ya manne, baƙin ƙarfe ne, idan bai manne ba, alminiyam ne. Duka biyun ana so.

Kwalba ma haka take, ana narkar da ita ba iyaka. Takarda da kwali kuwa suna da wa'adi, domin zare-zarensu na gajarta duk lokacin da aka jiƙa su aka dama. Bayan zagaye 5 zuwa 7 ba sa iya riƙe juna.

Dole sai an wanke kaya kafin a ware su?

Ɗaurayewa ake buƙata, ba wankin sabulu da soso ba. A ɗauki gwangwanin da ke da ragowar miya a gindinsa. A kankare abin da ya rage da cokali, a zuba ɗan ruwan da aka gama wanke-wanke da shi, a jijjiga, a zubar, sannan a kife shi ya tsane. Shi ke nan. Ba sai an buɗe famfo ana ɓarnar ruwa mai tsabta ba.

Abin da ya sa bushewar ke da muhimmanci shi ne takarda. Gora ɗaya da aka jefa da ragowar lemo a ciki tana iya jiƙa duk kwalin da ke cikin buhun, ya yi fumfuna kafin a zo ɗauka. Maiƙo ya fi muni. A masana'anta cikin ruwa ake dama takarda, mai kuwa ba ya bin ruwa, sai ya bar tabo a jikin sabuwar takardar. Idan kwalin abinci ya sha mai a gindi amma murfinsa fes yake, a yage shi biyu: mai tsabta ya shiga cikin takardu, mai maiƙo ya tafi shara ko ramin taki.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shekaru da dama ƙasar Sin ce ke sayen kaso mai yawa na tarkacen roba da takarda da ƙasashen Turai da Amurka ke fitarwa waje. Daga farkon 2018 ta hana shigo da nau'o'i da yawa, sauran kuma ta ce dattin da ke ciki kada ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Garuruwa da dama suka wayi gari da tulin kayan da ba mai saye, wasu suka koma binnewa da ƙonawa.

Leda fa? Da murafen gora?

Leda kada ta shiga cikin sauran kaya. A wuraren tantancewa akwai injuna masu juyawa, leda na nannaɗe su har sai an tsayar da aiki ma'aikata sun hau sun yanke ta da wuƙa. A tara ta daban, a kai inda ake karɓar leda idan akwai. Murfin gorar roba kuwa, yawancin masu karɓa yanzu sun fi son a matse gorar iska ta fita, a mayar da murfin a ɗaure, domin idan shi kaɗai ne yana zurarewa ta ramukan injin saboda ƙanƙantarsa. Murfin ƙarfe na kwalba a cire shi ya bi ƙarafa.

Fasasshen kofin gilashi ko madubi zai iya bin kwalabe?

Ba zai iya ba. Madubi, gilashin taga, tangaran da kwanon gilashi mai jure wuta ba sa narkewa a zafi ɗaya da kwalba, kuma ɗan guntu kaɗan na iya raunana sababbin kwalaben. A naɗe su a takarda mai kauri don kada su yanki mai kwasa, a sa a shara.

Ina za a kai mataccen batir da tsohuwar waya?

Ko'ina ban da kwandon shara. Batirin litiyam, irin na waya da kwamfuta da ƙananan fitilu masu caji, idan motar shara ta matse shi ko ya huje, yana iya kamawa da wuta, kuma ya sha jawo gobara a motoci da wuraren tantancewa. A samu gwangwani ko kwali guda a ajiye shi a wuri mai sanyi, nesa da yara. Kowane batir a rufe bakinsa da salatif kafin a jefa ciki, don kada su taɓa juna. Wanda ya kumbura a ware shi daban, a gaggauta fitar da shi daga gida.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 duniya ta fitar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace. A cikinsu akwai tagulla da zinare, akwai kuma dalma. Kafin a ba da waya, a goge bayanan da ke ciki a cire sim.

Ragowar abinci ai ruɓewa yake yi, me zai dame mu?

Inda yake ruɓewa shi ne abin dubawa. A rahoton nan na Bankin Duniya, abinci da ganyayyaki su ne kashi 44 cikin ɗari na sharar duniya. Idan aka danne su a ƙarƙashin tulin juji inda iska ba ta shiga, suna fitar da iskar metan, wadda ta fi hayaƙin kabon ɗumama duniya sau da yawa. Idan iska na ratsa su kuwa, taki suke zama.

Yin takin ba wuya. A samu rami ko bokiti mai huji, a riƙa zuba ɓawon kayan lambu da na 'ya'yan itace da ɓawon ƙwai, kowane zubi a rufe shi da busassun ganye ko yagaggen kwali. A riƙa juyawa lokaci-lokaci. Idan ya fara wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshe. Idan ya ƙi ruɓewa, a yayyafa ruwa. Nama, kifi da mai kada su shiga, su ne ke kiran ɓeraye. Wani amfanin da ba a cika lura da shi ba: da zarar jiƙaƙƙen abu ya bar kwandon shara, sauran kayan sun tsira daga ƙazanta.

Idan babu hukumar da ke karɓar kayan da aka ware, ba wahalar banza ba ce?

A ƙasashe da yawa ba hukuma ce ke riƙe da wannan aiki ba, masu tsinta ne da masu sayen tsofaffin ƙarafa da gora. Buhun gwangwani mai tsabta da aka ajiye musu a gefe ya hutar da su tonon shara da hannu cikin fasassun kwalabe. Tambayar su abin da suke saye ita ce hanya mafi sauri ta sanin abin da ke da kasuwa a yanki. Inda aka sa wa gora kuɗi kuwa ba ta kwana a titi: a Jamus, tun 2003 ake karɓar kuɗin ajiya a kan gora da gwangwanin sha, a mayar wa mutum idan ya dawo da su, kuma fiye da 9 cikin 10 suna dawowa.

Abu biyu dai a guje musu. Ƙona roba a gida na fitar da hayaƙi mai guba, musamman lamba 3. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko wani sinadari kuma kada a zuba ruwan sha ko abinci a cikinta, komai wankin da aka yi mata.

Idan mutum yana shakkar wani abu, ya sa shi cikin kayan sarrafawa ko a'a?

Ya tambayi masu karɓa, domin ƙa'ida ta bambanta daga gari zuwa gari. Idan ba halin tambaya, ya sa a shara. Kofin takarda mai shafin roba a ciki, rasit mai santsi, tishu da aka yi amfani da shi, kunzugun yara na zamani, duk ana jefa su da kyakkyawar niyya, amma a wurin tantancewa sai an sa hannu an tsince su ɗaya bayan ɗaya, kuma idan suka yi yawa a cikin ɗauri, mai saye na iya mayar da ɗaurin gaba ɗaya.