Waiwaye: Doguwar gwagwarmayar marubuta baƙaƙen fata da kamfanonin buga littattafai a Amurka

A watan Yunin 2020, ƙasa da mako biyu bayan kisan George Floyd a Minneapolis, wata marubuciya baƙar fata mai suna L.L. McKinney ta nemi marubutan Amurka su yi abin da ba a saba yi ba a sana'arsu, wato kowa ya fito a Twitter ya faɗi nawa kamfani ya ba shi na kafin alƙalami. Aka yi ta amsawa a ƙarƙashin maudu'in #PublishingPaidMe. N.K. Jemisin ta ce dala 25,000 aka ba ta a kan kowane ɗaya daga littattafanta uku da suka ci lambar Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya da almara a jere, a 2016 da 2017 da 2018, bajintar da babu wanda ya riga ta yi. Jesmyn Ward ta ce ko bayan da ta ci babbar lambar yabo ta littafi ta ƙasa a 2011, sai da aka kai ruwa rana kafin a ba ta dala 100,000. A wannan makon kuma, ga fararen fata da ba a san sunansu ba suna bayyana cewa littafinsu na farko ya kawo musu ninkin-ba-ninkin wannan kuɗi.

Mutane da yawa sun yi mamaki. Wanda ya san tarihin harkar bai yi ba, domin abin ya girmi ita kanta ƙasar Amurka.

A 1761 aka sauke wata yarinya daga jirgin bayi a Boston, aka raɗa mata sunan jirgin, Phillis, aka haɗa mata da sunan ubangijinta, Wheatley. Ta koyi Turanci, ta shiga rubuta waƙe. Da aka zo buga diwaninta, ba a samu isassun masu saye a Boston ba, sai a Landan aka buga shi a 1773. A gaban littafin akwai takardar shaida da manyan gari 18 suka sa wa hannu, har da gwamna Thomas Hutchinson da John Hancock, cewa lalle wannan baiwa ce ta rubuta waƙoƙin da kanta. Ta samu 'yanci, ta shirya diwani na biyu, ba a taɓa buga shi ba. Ta rasu a 1784 cikin talauci.

Wannan takardar shaida ita ce tushen al'adar da ta daɗe. Dokoki sun riga sun toshe hanya, don tun 1740 Carolina ta Kudu ta sa tarar fam 100 a kan duk wanda ya koya wa bawa rubutu, kuma bayan tawayen bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831 wasu jihohin Kudu suka ƙara tsanantawa. Wanda ya tsallake wannan shinge ya iya rubutu, sai ya nemo farar fata da zai tsaya masa. Labarin rayuwar Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta, na 1845 ya fito da gabatarwar William Lloyd Garrison da wasiƙar Wendell Phillips. Harriet Jacobs, da ta ba da labarin abin da mata ke gani a gidan bauta, kamfani ya gindaya mata sharaɗin sai ta samo gabatarwa daga Lydia Maria Child. Sharaɗin ya jawo mata asara mai nisa: fiye da shekara ɗari masana da dama suna ɗaukar littafin na 1861 a matsayin ƙagaggen labarin Child, har sai da Jean Fagan Yellin ta tono wasiƙun Jacobs a shekarun 1980.

Akwai ɗaya daga cikin waɗannan littattafai da ya kamata mai karatun Hausa ya sani. Mahommah Gardo Baquaqua ɗan Djougou ne a arewacin Benin ta yau, kuma labarinsa ya nuna mahaifiyarsa 'yar Katsina ce. An sayar da shi zuwa Brazil, ya gudu daga jirgi a New York a 1847, aka buga tarihinsa a Detroit a 1854. Amma a bangon littafin sunan wani Samuel Moore aka sa a matsayin wanda ya rubuta ya kuma gyara daga bakin Baquaqua. Rabin farko Moore ne ke magana a kansa, sai can a gaba ake barin mai labarin ya ce "ni".

Bayan an soke bauta a 1865, ƙofa ta ɗan buɗe, sai dai mai ƙofar ne ke zaɓen abin da za a shigo da shi. Charles Chesnutt ya samu babban kamfanin Houghton Mifflin ya buga masa tatsuniyoyin gandun bayi a 1899, ba tare da an yayata launin fatarsa ba. Da ya juya ya rubuta ƙagaggen labari a kan kisan gillar da aka yi wa baƙaƙen fata a Wilmington a 1898, kasuwa ta juya masa baya, ya koma sana'arsa ta ɗaukar bayanan kotu a Cleveland. A shekarun 1920 da adabin Harlem, unguwar baƙaƙen fata a New York, ya zama abin yayi, kamfanoni irin su Knopf suka buga Langston Hughes da takwarorinsa, amma da yawansu suna cin abinci ne a hannun attajirai masu ɗaukar nauyi. Charlotte Osgood Mason, wadda ke ba Hughes da Zora Neale Hurston kuɗi, tana da irin baƙar fatar da take son gani a takarda, mutumin daji mai kiɗa da tsafi. Hughes ya gaji ya raba gari da ita. Da tattalin arziki ya karye a 1929, yayin ya wuce.

Hurston ce ta fi kowa bayyana ciwon. A 1950 ta rubuta maƙala a mujallar Negro Digest a kan abin da kamfanonin fararen fata ba za su buga ba. Hujjarta ita ce suna karɓar baƙar fata idan abin dariya ne ko abin tausayi ne ko "matsala" ne, amma ba sa karɓarsa a matsayin likita ko malami mai soyayya da kishi da buri kamar kowa. Ta rasu a 1960 littattafanta duk sun ɓace daga kasuwa, kabarinta a Fort Pierce ko alama babu, sai a 1973 Alice Walker ta je ta kafa dutse.

Ko nasara ba ta kuɓutar da mutum daga almakashi ba. Native Son na Richard Wright ya sayar da sama da kwafi 200,000 cikin makonni uku a 1940, saboda ƙungiyar Book-of-the-Month, mai aika wa mambobinta littafi kowane wata, ta zaɓe shi, bayan ta sa an cire wasu wurare. Da ya kawo tarihin rayuwarsa, ƙungiyar ta karɓi kashin da ya shafi zaluncin Kudu, ta ƙi kashin da ya shafi Chicago da 'yan gurguzu. Wariyar Kudu ana iya sayar da ita ga mai karatu a Arewa, amma tasa ba ya son ji. Kashin da aka yanke bai fito a littafi ba sai 1977, shekara 17 bayan rasuwar Wright.

Wasu suka ce gara su gina nasu. Dudley Randall ya kafa Broadside Press a Detroit a 1965, Haki Madhubuti da abokansa suka kafa Third World Press a Chicago a 1967. Gwendolyn Brooks, baƙar fata ta farko da ta ci lambar Pulitzer a 1950, ta bar kamfanin Harper ta koma wajen Randall. Matakin ya yi armashi, sai dai ƙaramin kamfani ba shi da kuɗin talla, kuma ba shi da hanyar kai littafi kowane shago.

A ganina, babu abin da ya tona asirin harkar kamar zaman marubuciya baƙar fata Toni Morrison a kujerar edita a Random House daga 1967 zuwa 1983. Ita ta fito da Toni Cade Bambara da Gayl Jones, ta gyara tarihin rayuwar Angela Davis da na Muhammad Ali. Binciken da Richard Jean So da Gus Wezerek suka buga a New York Times a Disambar 2020 ya duba ƙagaggun labarai sama da 7,000 na manyan kamfanoni daga 1950 zuwa 2018, ya tarar kashi 95 cikin ɗari fararen fata ne suka rubuta. A zamanin Morrison, kashi 3.3 na littattafan Random House da ke cikin lissafin na baƙaƙen fata ne. Bayan tafiyarta, daga 1984 zuwa 1990, cikin littattafai 512 biyu kacal suka rage, ɗaya ma nata ne. Marubutan ba su ƙare a 1983 ba. Mace guda ce ta tashi daga kujera.

Dalilin da kamfanoni suka fi kawowa shi ne wai baƙaƙen fata ba sa sayen littafi. A 1992 Terry McMillan da Morrison da Walker suka hau jerin littattafan da aka fi saye a lokaci guda, hujjar ta faɗi. Abin da ya biyo baya shi ne rassa na musamman a cikin manyan kamfanoni, da kanta ta musamman a shaguna, inda ake jibge labarin soyayya da na bincike da na tarihi wuri guda saboda launin fatar masu su. Wanda ya shigo neman labarin soyayya ba zai bi ta wannan lungu ba.

Yau babu wanda ke neman sa hannun gwamna, amma akwai lissafin da ke yin wannan aiki a ɓoye. Kafin edita ya sayi littafi, sai ya kawo wa masu kuɗin kamfani sunayen littattafai makamantansa da adadin da suka sayar, a kan haka ake yanke kafin alƙalami, kuma girman kafin alƙalami ne ke jawo girman talla. Littafin da aka saya da arha ba a tallata shi, bai sayu ba, sai ya zama ma'aunin da za a auna marubucin da ke tafe da shi. Masu wannan awo kuma kusan launi ɗaya ne. Ƙidayar kamfanin Lee & Low ta nuna fararen fata su ne kashi 79 na ma'aikatan harkar a 2015, kashi 76 a 2019, kashi 72.5 a 2023, yayin da baƙaƙen fata suka tsaya tsakanin kashi 4 da 5 da ɗoriya a duk tsawon lokacin.

Bayan hayaniyar 2020 an yi naɗe-naɗe. Simon & Schuster ya ɗora Dana Canedy a kan babban reshensa, Penguin Random House ya ba Lisa Lucas ragamar Pantheon da Schocken, kowaccensu baƙar fata ta farko a muƙamin. Canedy ta sauka a 2022. Lucas kuwa an sallame ta a watan Mayun 2024, lokacin da kamfanin ya ce yana sake fasali.