Waiwaye: Yadda Turai ta ɗaure kamfanoni, ta kuma dawo tana sassauta igiyar

Ranar 24 ga Afrilu, 2013, benen Rana Plaza ya rufta a wajen birnin Dhaka na ƙasar Bangaladash, ya hallaka mutum fiye da 1,100, galibinsu mata masu ɗinka tufafin manyan shagunan Turai da Amurka. Tun jajibirin ranar aka ga bango ya tsage, amma aka tilasta wa ma'aikata komawa bakin kekunansu. Daga nan tambayar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: kamfanin da ke kwasar riba a Paris ko Berlin, shin ba ruwansa da yadda aka samar da kayansa?

A 2014 Tarayyar Turai ta umarci manyan kamfanoni kimanin 11,000 su riƙa bayyana tasirinsu kan muhalli da haƙƙin ma'aikata. Sai dai dokar ba ta tsara yadda za a rubuta ba, kowa ya yabi kansa son ransa. Faransa ta yi tata dokar ta bin diddigin masu kawo wa kamfanoni kaya a 2017, Jamus a 2021. Bayan Ursula von der Leyen, shugabar Hukumar Tarayyar Turai, ta ƙaddamar da shirin kare muhalli na Turai a ƙarshen 2019, aka samu dokar CSRD ta rahoton tasirin kamfanoni kan muhalli da jama'a a 2022, wadda aka tsara za ta shafi kamfanoni kusan 50,000, kuma dole mai binciken kuɗi ya tantance rahoton. A 2024 aka ƙara da CSDDD, wadda ta wuce batun rubutu: kamfani ya bi diddigin masu kawo masa kaya, ya gyara ɓarna, in ya yi sakaci a maka shi kotu.

Kukan 'yan kasuwa na da tushe, ba na musun haka. Ƙa'idojin rahoton sun ƙunshi bayanai sama da 1,000. Babban kamfani kuwa ba ya ɗaukar nauyin shi kaɗai, yana sauke shi kan na ƙasa. Majemin Kano da ke tura fata Italiya zai ga takardar tambayoyi ta iso: ruwa nawa ka sha, ina kake zubar da dagwalo, shekarun ma'aikatanka nawa? Gobe wani mai saye ya aiko da tasa, tambayoyin iri ɗaya, tsarin daban.

Iska ta juya a 2024. Rahoton Mario Draghi, tsohon shugaban Babban Bankin Turai, na watan Satumba ya ce yawan dokoki na cikin abubuwan da suka sa Turai ke jan ƙafa a bayan Amurka da Sin. Ranar 26 ga Fabrairu, 2025, Hukumar Tarayyar ta gabatar da ƙudurin da ta kira Omnibus, wanda zai cire kimanin kashi 80 cikin ɗari na kamfanoni daga CSRD, tana hasashen rage kashe kuɗi da Yuro biliyan 6 da ɗoriya a shekara. A Afrilu aka ɗage wa'adin kamfanoni da dama da shekara biyu. Amurka da Ƙatar su ma suka matsa lamba, har Ƙatar ta yi barazanar karkatar da iskar gas ɗinta zuwa wasu kasuwanni.

Yarjejeniyar da Majalisar Turai da ƙasashe mambobi suka cimma a Disamba 2025 ta zarce ƙudurin farko. Wajibcin rahoton CSRD ya rage kan kamfani mai ma'aikata sama da 1,000 da cinikin da ya haura Yuro miliyan 450. Bin diddigi kuwa sai mai ma'aikata sama da 5,000 da cinikin Yuro biliyan 1.5, kuma ba zai fara aiki ba sai Yulin 2029.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne soke tsarin bai-ɗaya na neman diyya. Rage takardu daban, toshe ƙofar kotu daban. Manoma huɗu daga yankin Neja Delta sun kai ƙarar Shell a Holan a 2008 kan malalar mai. Sai a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta Hague ta ce reshen kamfanin na Najeriya ya biya diyya, wasu daga cikinsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Irin wannan doguwar wahala ce CSDDD ta yi niyyar taƙaitawa. Yanzu an mayar da batun hannun ƙasashe 27, kowacce da dokarta, kuma wanda aka zalunta shi zai nemo lauyan da ya san ta.