Ƙara wa Suzuki Jimny tsayi don manyan tayoyi da kuɗi kaɗan

Duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye da damina, ya ji cikin motarsa na gurzar ƙasa a sawun da manyan motoci suka haƙa, ya san abin da ke kawo tunanin ƙara mata tsayi. Zan yi misali da Jimny ƙirar 1998 zuwa 2018, mai injin lita 1.3.

Idan na ɗaga motar, cikinta zai daina taɓa ƙasa?

Ba lallai ba, kuma nan ne kuɗin mutane ke zurarewa. Jimny tana da aksul miƙaƙƙe gaba da baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayar hagu da ta dama, kowanne da tulun difarenshal a jikinsa, wato kumburin da giyoyin raba wa tayoyi ƙarfi suke ciki, kuma tulun nan shi ne mafi kusa da ƙasa. Sifirin a kan aksul yake zaune. Ko ka ƙara masa tsayin kamu guda, bodi da shasi ne za su tashi, tulun yana nan inda ka bar shi. Taya kaɗai ke ɗaga shi. Amfanin ɗagawar shi ne samar wa babbar taya wurin juyawa ba tare da ta ci bodi ba.

To wace taya zan saya?

Fara karanta lambar da ke gefen tayarka. Wadda aka saba fitowa da ita 205/70 R15 ce: faɗi milimita 205, tsayin gefe kashi 70 cikin ɗari na faɗin, rim inci 15. Tsayinta gaba ɗaya kusan milimita 668 ne. 215/75 R15 tana kai wa 704, 235/75 R15 kuma kusan 733. Sai dai rabin ƙarin ne kawai rabonka, domin ɗaya rabin yana saman aksul. Ke nan 215/75 za ta ba ka milimita 18, 235/75 kuma 33, abin da bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Kada ka raina shi, a sawun laka yatsu biyun nan su ne tsakanin wucewa da neman masu turi.

Ni dai ga mai ƙaramin ƙarfi 215/75 nake zaɓa. Sau da yawa tana shiga da ɗagawa kaɗan, wani lokaci ma ba sai an ɗaga ba. 235/75 kuwa tana son ɗagawar kusan milimita 50, kuma da wuya a rabu ba a yanke gefen bamba ba.

Wace hanya ce mafi araha?

Zoben roba mai tauri ko na alminiyum da ake ɗorawa a kan sifirin. Yana da sauƙin kuɗi, bakanike zai gama sa shi a yini ɗaya. Amma idan sifirin ɗinka ya riga ya gaji, ka ɗora zobe a kan gajiyayye ne, gara ka haƙura ka tara kuɗin sababbin sifirin masu tsayi da shokazoba daidai da su. Akwai kuma masu cusa ƙarafa tsakanin bodi da shasi, wannan yana jawo gyaran sandar sitiyari da sandunan giya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kai sifirin wurin mai walda a yi masa ƙari. Ƙarfen sifirin idan ya sha wuta ya lalace, ranar da zai karye ba zai yi sallama ba.

Me ya sa ake cewa kada a wuce milimita 50?

Saboda daga nan arahar ta ƙare. Hannaye biyu ne ke riƙe da aksul ɗin gaba, idan mota ta tashi sai su murɗa shi, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa bayan kwana, mota ta riƙa yawo a kan titi. Akwai kuma sandar da ke hana aksul zamewa gefe, ita ma sai ta ja shi zuwa ɓangare guda. Tiyon birki zai miƙe har ya ɗame idan taya ta faɗa rami. Kowanne yana da magani, bushin na musamman, sanda mai ƙari, dogon tiyo, amma duk kuɗi ne. Kafin komai a duba boris ɗin da tayoyin gaba ke juyawa a kansu. Jimny ta yi suna wajen karkarwar sitiyari idan sun ci, babbar taya kuma ƙara tsananta ta take yi.

Injin zai iya jan su?

Zai ja, amma za ka ji. Ƙarfinsa bai kai doki 90 ba. Da 235/75 kamar ka tsawaita kowace giya ne da kashi 10 cikin ɗari: tashi zai yi nauyi, hawa zai nemi ƙaramar giya, mai zai ƙaru, birki zai ƙara nisa kafin ya tsayar. Agogon gudu ma zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunka da kusan wannan kason. Kuma dole tayoyin huɗu da safaya su zama girma ɗaya, domin idan ka sa giyar ƙafa huɗu gaba da baya a kulle suke, bambancin girma zai wahalar da giyar.

Ba za ta yi saurin kifewa ba?

Haɗarin yana ƙaruwa, gaskiya. Faɗin motar kusan mita 1.6 ne kawai, ga ta da tsayi tun asali. Yayarta Suzuki Samurai ta sha wannan zargi a Amurka a 1988 daga mujallar Consumer Reports, kamfanin Suzuki ya musanta har aka je kotu. Bayan ɗagawa ka rage gudu a kwana, buhuna da jarkoki kuma su zauna ƙasa a ciki, kada a ɗora su a rufi.

Zan iya sayen tayoyi na hannu?

Za ka iya, idan ka duba shekarunsu. A ƙarshen lambar da ta fara da haruffan DOT a gefen taya akwai alƙaluma huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana iya zama da zanenta cif amma robar ta bushe, zafin kwalta a watan Afrilu kuwa ba ya raga wa irinta. Ka lanƙwasa gefenta ka nemi tsaga, ka leƙa ciki ka ga ko an yi mata faci a gefe. Idan akwai, mayar wa mai ita.